Ba Faransawa suka kai Kiristanci Tipaza ba

Wani labari da na karanta ya kira Tipaza, wadda ke gaɓar tekun Aljeriya, tsohon garin Faransawa, kamar su suka kai Kiristanci can. Haba malam! Sai a 1830 Faransa ta shiga Aljeriya, alhali babbar majami'ar da kangonta ke bakin teku tun ƙarni na 4 aka gina ta, zamanin Rumawa. Gabas da garin kuma ga cocin Salsa, yarinyar da aka ce an kashe don ta jefa kan gunki cikin teku. Kaburbura sun kewaye wurin jingim, kowa na son a binne shi kusa da ita. Shi kansa Agustin, babban malamin Kiristocin nan, ɗan ƙasar ne, a Suk Ahras aka haife shi a 354. Ku da kuka buga shi, ku gyara kanun labarin.