Jiya rubuta manhaja, yau ƙirƙirarriyar basira: wai wa suke wa aiki ne?

Abin nan fa ya fara isata. Mutanen da suka shekara goma suna cika wa yara kunne cewa duk wanda bai koyi rubuta manhajar kwamfuta ba ya gama yawo, yau su ne dai suka sake riga suna zagaya makarantu wai a bar wancan, ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ita ce ke tashe. Ko a jikinsu. Ba wanda ya koma ya ba yaran da suka bi shawarar farko haƙuri, alhali kowa ya ga yadda Meta, mai Facebook, ta sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ta biyo baya da 12,000 a Janairun 2023, a fannin da aka rantse mana ba ya mutuwa.

Ni a ganina malamin da ke ba ɗalibi shawarar sana'a ya daɗe da zama ɗan kore, faɗa ne kawai ba a yi. Inda gwamnati da kamfanoni suka zuba kuɗi nan bakinsa ke karkata, kuma ba yau aka fara ba. Sanda Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da shawara a Boston a 1908, abin da ya koyar bai da wuya: ka san kanka, ka san ayyukan da ake da su, sannan ka auna biyun da hankali. To amma da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik a 1957 sai cikin Amurka ya ɗuri ruwa, a 1958 ta yi dokar ilimi ta tsaron ƙasa, ta ware kuɗin horar da masu ba da shawara a makarantu don su zaƙulo yara masu kai a tura su kimiyya da lissafi. Yaron ake dubawa a nan ko Mosko?

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne tallan da ya ta da ƙura a Birtaniya a 2020, ana tsakiyar korona, hoton wata mai rawar Turawa ta bale da aka kira Fatima, an rubuta wai aikinta na gaba zai iya zama na tsaron intanet, ita ce dai ba ta sani ba tukuna. Ba ta sani ba! Wato an gama shawara a kanta tana can tana ɗaure takalmi. Sai da jama'a suka yi caa aka janye. A shekarar kuma Ostiraliya ta yi doka ta ƙara kuɗin karatun tarihi da falsafa da kashi 113 cikin ɗari, ta rage na malanta da jinya da lissafi. Ɗalibin da ke son tarihi in ya shiga ofishin mai ba da shawara me ya rage a gaya masa, farashi ai ya riga ya yi magana.

Nasan za a ce gaskiya ake gaya wa yaro, sha'awa ba ta cika ciki. Na ji. Amma wanda a 2019 bai hango korar 2023 ba, da wane idon yake hango 2035?

Kuma ku lura da yaran da ake turawa waɗannan fannonin. Ɗan mai hali yana da kawu da abokan baba, ya karanta abin da ya ga dama aiki na jiransa, ɗan talaka ne ba shi da kowa sai wannan malamin. A Ingila tun 2012 aka ɗora wa makarantu nauyin ba da shawarar ba tare da an ware musu kuɗinta ba, to makarantar da ba ta da kuɗi in kamfani ya zo da lacca kyauta da ƙasidu masu sheƙi za ta ce a'a ne? In baki ya ci dole ido ya ji kunya.

A biya masu ba da shawarar nan daga aljihun da ba na masu neman ma'aikata ba, a daina auna ƙwazonsu da yawan yaran da suka tura fannin da minista ke so. Duk wanda kuma ya zo makaranta da sabuwar waƙa, kafin a ba shi lasifika a tambaye shi ina yaran da ya tura wancan karon.