Ruwa ba a jin ra'ayinsa, auna shi ake yi

Wannan fom ɗin da ake ta turowa a guruf-guruf tun shekaranjiya, wai ɗalibin digiri na biyu a fannin tsara birane yana bincike kan ambaliya a Kano, a cike a tura wa wasu, don Allah ya isa haka. Duk kun gan shi. Tambaya ta bakwai: "Zubar da shara a kwata ne ke kawo ambaliya. Na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba." Shekara biyu na karatu, kuɗin makaranta, kuɗin mota, iyaye na ta addu'a, a ƙarshe abin da za a kawo shi ne kashi kaza cikin ɗari sun yarda leda tana toshe lambatu? Wa ya yi musu? Mai tura baro a Kurmi ya san wannan tun kafin a haifi ɗalibin.

Ba yaron nake zargi ba, abin da ya tarar ake yi ke nan. Kowa ya san tsarin. A ɗauko ƙidayar 2006 a ninka ta da lissafin ƙaruwa, a saka a ƙa'idar Yamane ta lissafin yawan waɗanda za a tambaya, ta ba da mutum 400, ko a buɗe jadawalin Krejcie da Morgan a ɗauki 384. A raba takardun tambayoyi, a zuba a manhajar lissafi ta SPSS, a fito da zane-zane masu launi. Babi na biyar kuma: gwamnati ta wayar da kan jama'a, gwamnati ta gina magudanai. Wace magudana? A wane layi? Faɗinta nawa, zurfinta nawa, ina za ta zuba? Shiru.

Ruwa ba a jin ra'ayinsa, auna shi ake yi. Ga lissafin da ya kamata ya zama babi na huɗu, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗauki unguwa mai hekta 50. Ruwan sama ya sauka da ƙarfin milimita 60 a awa ɗaya. Duk milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, wato a awar nan lita miliyan 30 ta sauka, tanka 3,000 mai cin lita 10,000. Lokacin da wurin yake gonaki da fegi, ƙasa tana shanye mafi yawa, kusan kashi 30 cikin 100 ne ke gudu. Ka ninka 0.3 da 60 da 50, ka raba da 360, za ka samu 2.5, wato lita 2,500 a kowane sakan. Yanzu an yi awon igiya an yanka fuloti-fuloti, an rufe da kwano, an dabe tsakar gida da siminti, ƙofar gida an shimfiɗa intalok. Kashi 80 ne ke gudu. Lissafi ya koma lita 6,700 a sakan.

To je ka bakin titi inda duk ruwan ke bi. Kwalbati ce mai bututu biyu, kowanne faɗinsa santimita 90. A gangarar da ke sauka mita ɗaya cikin ɗari, bututu guda yana ɗaukar kimanin lita 1,800 a sakan, su biyu 3,600. Da can ta wadatar har da ragi. Yau rabin abin da ke zuwa kawai take iya haɗiyewa, ko da an wanke ta tas babu leda ko ɗaya. Ragowar kimanin lita 3,000 a kowane sakan ina za ta? Ɗakin mutane. Idan yashi ya cike rabin bututun kuwa, sai abin da Allah ya yi. Wannan shi ne bincike: ka ce wa hukuma kwalbatin da ke wuri kaza ta yi kaɗan da kusan rabi, ga girman da ake bukata. Mutum 384 ba za su faɗa maka haka ba ko da za ka kwana kana tambayarsu.

Na san abin da za a ce, babu kuɗi, babu kayan aiki. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce. Hotunan tauraron ɗan adam na Landsat kyauta ne, kuma sun koma baya har 1972. Sentinel-2, ita ma tauraron ɗan adam, tana ba da hoto mai ɗigon mita 10 tun 2015, ba a biyan ko sisi. Google Earth tana da tsofaffin hotuna da za ka ja baya ka ga shekarar da kududdufi ya fara ƙanƙancewa da shekarar da ya ɓace. Kuɗin buga takardun tambaya 400 da sallamar yaran da za su raba ya sayi awon tef, da ma'aunin ruwan sama na roba, da doguwar tiyo irin wadda magina ke ɗaukar lebur da ita.

Sai dai a yi hattara da kuskuren da masu ɗan ƙoƙarin ma ke faɗawa. Suna sauke taswirar tudu da kwari ta SRTM, wadda kowane ɗigonta mita 30 ne, su ce sun zana hanyar ruwa a cikin birni. Lambatu mai faɗin mita ɗaya ba ya fitowa a nan, kuma a gari mai shimfiɗe kamar Kano bambancin rabin mita ne ke raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe. GPS ɗin waya ma yana kuskuren mita uku zuwa biyar, a wajen tsayi ya fi haka muni. Taswirar sama ta nuna maka iyakar inda ruwan ke taruwa, sauran aikin na ƙafa ne. Na biyu, jimillar ruwan yini da ake karɓowa daga hukumar yanayi ta NiMet ba ta isa ba. Milimita 60 a awa goma yayyafi ne mai albarka, milimita 60 a minti arba'in bala'i ne. Sai ka san tsawon lokacin da ya ɗauka. Na uku, alamar ruwa a bango. Bayan ambaliya akwai layin laka da ɗiyan ciyawa da ke manne a katanga. A je cikin kwana biyu ko uku kafin a wanke, a auna tsayinsa daga ƙasa, a ɗauki hoto da tef a jiki, a rubuta wurin. Gida talatin haka sun fi fom dubu. Gudun ruwa kuma, a auna mita 10 a bakin lambatu, a jefa ɗan icce, a duba sakan nawa ya yi, a maimaita sau uku, a rage kashi ɗaya cikin biyar domin ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri.

Wani zai ce ai mu ba injiniyoyi ba ne, masu tsara gari ne. To wa ke sa hannu a shimfiɗar unguwa? Wanda ya amince a yanka hekta 50 bai san ruwan da za ta zubar ba, me ya tsara? Wani kuma zai ce muryar jama'a tana da muhimmanci. Ƙwarai kuwa. Amma ka zauna da mai unguwa da dattawan layi, ka tambaye su ina ruwa yake bi kafin a gina makarantar can, wace shekara ya fara shiga masallaci, sannan ka sa amsar a taswira. Ba ka tura wa mutumin da ke Legas fom ya danna "na yarda" ba.

Wallahi abin yana ci mini rai, domin rayuka ne. Ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya lalata dukiyar 'yan kasuwa. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ta shanye Maiduguri, shekara 30 bayan ta 1994. Malamanmu masu duba kundi, ku ji tsoron Allah, ku daina karɓar taken da ya fara da "ra'ayin mazauna". Ku raba wa ɗalibai biyar rassan kogin Jakara, kowa ya auna nasa, waɗanda za su biyo baya su ɗora daga inda aka tsaya. Kwafi ɗaya kuma ya tafi KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, kada ya ƙare a kanta yana shan ƙura.

Af, maganar kududdufai. Ramukan nan da aka haƙi ƙasar ginin gidaje da badala a cikinsu, su ne suka riƙa riƙe ruwan cikin birni tsawon ɗaruruwan shekaru. Yanzu a cika da bola, a zuba jar ƙasa a sama, dillali ya kafa alama. Shara tana ruɓewa tana zama, ginin da aka ɗora yana bin ta. Duk mai shirin sayen fili a cikin gari, kafin ya ba da kafin alƙalami ya sa a haƙa rami mai zurfin mita biyu a tsakiyar fulotin. In leda da baƙar ƙasa mai wari suka fito, ya riƙe kuɗinsa.