Gidan sauro a bakin kogi

Na ga masu cewa na cika zafi a kan bahon 'ya'yan kifin nan na sayarwa da na ɗora hotonsa jiya. To, ban ma fara ba.

Wanda ya cika baho da 'ya'yan karfasa da 'ya'yan giwan ruwa waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba, wannan maɓarnaci ne, kada a kira min shi masunci. Giwan ruwa fa! Kifin da in an bar shi yake wuce kilo 50, irin wanda ƙarti ke cicciɓowa a Argungu ana kiɗa ana guɗa, shi aka kyafe tun yana jariri ana aunawa a kwano. Na tambayi mai sayarwa, ya ce, "Alhaji, abin da ruwa ya ba mu ke nan." Ruwa bai ba ku ba. Gidan sauro kuka ɗinka kuka tace kogin da shi.

An ce talauci ne. Kakanninsu sun fi su kuɗi ne? Amma a da in Sarkin Ruwa ya rufe ruwa, ya rufu. Dubi Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu a cikinsa: hana kamun kifi ake yi a wurin sai ranar biki, shi ya sa ake samun na nunawa duniya. Da damina kifi ke haurawa fadama ya zuba ƙwai, yanzu kuwa lokacin ake tare shi. Wasu ma Gamalin, maganin kashe ƙwari, suke zubawa, babba da ƙarami su taso matattu, a kawo mana mu ci guba.

Kada kuma wani ya kawo min zancen warangi. Shi haka Allah ya halicce shi ƙarami. Abin da ya sa aka hana jan dala, wato babbar koma mai ƙananan ido, a tafkin Kainji shi ne tana kwaso 'ya'yan manyan kifaye tare da warangin.

Ni dai da mai saye nake. Kai ne, ni ne. Muddin akwai mai miƙa kuɗi, gobe ma za a tace kogin. Ka ga 'ya'yan kifi a baho, wuce. Ka sayi babba ko da yanka ɗaya ne, ko ka sayi tarwaɗar kiwo, ga ta nan ko'ina. Wallahi ina jin tausayin masunta, na san yadda mutum ke kwana a kwalekwale ya dawo da abin da bai kai cefane ba. Don 'ya'yansu nake wannan magana, kada su tashi su tarar sai kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga Turai.

Gidan sauron nan ma, mata masu juna biyu ake ba shi kyauta a wurin awo. Wata tana can ita da jaririnta sauro na cin su, zazzaɓi na jiran su, nata gidan sauron yana shanye a bakin kogi yana ƙarnin kifi. Mazajen da ke karɓewa daga hannun matansu, ku ji tsoron Allah.