Bakina ne ya aika ta Kejetia

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Daren jiya ban runtsa ba, shi ya sa ina idar da sallar asuba na ɗauki waya.

Wata uku da suka wuce, a wajen wani suna a unguwar Aboabo, nan Kumasi ta ƙasar Ghana, 'yar ƙanena ta shigo sanye da atamfar anko irin tamu. Shekarunta 19. A gaban mata sun fi ashirin na dube ta na ce, "Ke kam yaushe za ki yi jiki? Kin tsaya kamar sillen kara, wa zai ɗauke ki a haka?" Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Na ci tuwona, na yi wa mai jego barka, na koma gida na manta.

Jiya na je gidansu a Asawase. Wallahi da ƙyar na gane ta. Fuska ta kumbura ta yi zagaye kamar faifai, wuya ya cika, ƙuraje sun feso, ƙafafu kuwa suna nan sirara yadda suke. Uwarta ta ɗauko jakarta ta zazzage a kan tabarma: kwalabe biyu na maganin ruwa, da katin ƙwayoyi wanda saura uku a ciki. A kasuwar Kejetia ta saya don ta yi ƙiba, da 'yan sidin, kuɗinmu na Ghana, da take tarawa a wajen koyon ɗinki. A asibiti aka ce na kwalbar cyproheptadine ne, maganin borin jini da ƙaiƙayi mai buɗe ciki ya sa barci. Ƙwayar kuma dexamethasone ce, tana tara ruwa a jiki, tana tayar da sukari da hawan jini, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya yanke ta rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali.

Na ce mata, "Me ya kai ki?" Ta ɗago ta ce, "Goggo, ba ke kika ce ba?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da wane mudu na auna yarinyar nan? Ni fa na ga lokacin da Agbani Darego ta Najeriya ta ci gasar kyau ta duniya a 2001, doguwa siririya. A shekarun nan ƙawayena tsallake tuwon dare suke yi, ana neman shayin rage tumbi. Kafin nan kuma iyayenmu fura da nono suke ɗura wa amarya, don kada dangin miji su ce daga gidan yunwa aka kawo ta. A gaban idona mudun nan ya juya sau biyu, amma duk da haka na ɗauke shi na ɗora wa 'yar ɗan uwana.

Kuma haka abin yake tun da can, ko'ina. A ƙasar Sin zamanin daular Tang mai jiki ce kyakkyawa. Bayan nan aka shiga ɗaure ƙafafun yara mata tun suna ƙanana, ana lanƙwasa yatsu har ƙashi ya karye don ƙafa ta tsaya 'yar mitsitsiya, aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi, har gwamnati ta hana a 1912. Matan Turai a ƙarni na 19 sun ɗaure ƙugu da rigar matsi mai igiya har numfashi na yi musu wuya, a shekarun 1920 kuma suka koma danne ƙirji don su miƙe sambal. A Muritaniya ana tilasta wa yarinya shan nonon raƙumi tana kuka, don ta yi ƙiba kafin aure.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Sarah Baartman. Daga Afirka ta Kudu aka kai ta Landan a 1810, ana biyan kuɗi a shiga kallon mazaunanta kamar dabba. Ta mutu a Faris a 1815, ko kabari ba su ba ta ba, suka ajiye gaɓoɓinta a gidan tarihi, sai a 2002 aka mayar da ita gida aka binne. Jikin da aka wulaƙanta baiwar Allah nan a kansa, shi ne yau 'yan mata ke kwanciya a yanka su don su samu, wasu ba sa tashi. Wanda ya yi dariyar jiya da wanda ke tafa wa na yau duk mutane ne, kuma gobe wani abin za su so.

'Yan uwana, kada mu ce laifin samari ne ko na TikTok kawai. Mu ne. Mu ne a gidan biki muke cewa "kin rame, mijinki ba ya ba ki abinci ne?" Mu ne muke ce wa mai jego da ko arba'in ba ta yi ba "wannan tumbin fa?" Uwar miji ta kalli amarya sama da ƙasa ta taɓe baki. Tela tana awo tana sharhi. Mun san ayar Suratul Hujurat da ta ware mu mata ta ce kada wasu mata su yi wa wasu izgili, mun karanta ta a makaranta, amma da an shimfiɗa tabarmar suna sai mu ce wasa ne. Wasan da ya kumbura fuskar yarinya? Wa ya halicci jikin da kike kushewa? Ke ce?

Na durƙusa a gabanta jiya, ni da na goya ubanta, na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe. Fuskar dai ba ta saɓe ba.

Don Allah, idan akwai wadda kika taɓa jefa wa irin wannan magana, kira ta yau, kada ki jira Juma'a. Don Allah ku duba jakunkunan 'ya'yanku. Don girman Allah, ranar Asabar a wajen biki ki kama bakinki.

Jibi zan raka ta awon sukari. Ku saka ta a addu'a.