Edwin Dunning da saukar da ta ci ransa

Duk lokacin da aka zo maganar matuƙan jiragen yaƙin sojan ruwan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ƙidayar jiragen da suka kakkaɓo ake farawa. Raymond Collishaw ɗan Kanada ya harbo 60, Robert Little ɗan Ostareliya 47. Da wannan ma'auni Edwin Dunning ba zai ko shiga layi ba, kuma a ganina ma'aunin ne ke da gyara.

A 1917 ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke damun sojan ruwa shi ne manyan jiragen balan-balan na Jamus, Zeppelin, masu leƙen asirin motsinsu a Tekun Arewa. Akwai jirgin da zai iya kamo su, wato Sopwith Pup, ƙaramin jirgi mai fukafukai hawa biyu da aka ƙera da katako da kyalle. Tashinsa daga kan jirgin ruwa ba wuya. Dawowar ce babu. In matuƙi ya gama aiki kuma tudu ya yi nisa, sai ya faɗa ruwa kusa da 'yan uwansa ya jira a tsamo shi, jirgin kuwa galibi an yi asararsa.

Ranar 2 ga Agusta 1917, a Scapa Flow da ke arewacin Sikotilan, Dunning ya gwada abin da ba a taɓa yi ba: sauke jirgin sama a kan jirgin ruwa mai tafiya. Ba'amurke Eugene Ely ya sauka a kan jirgin ruwa tun 1911, amma nasa a tsaye yake. Jirgin ruwan da Dunning ya sauka a kai, HMS Furious, gudu yake yana fuskantar iska, kuma dandamalinsa a gaba kawai yake. Dole ya bi ta gefen jirgin, ya wuce bututun hayaƙi, sannan ya karkato ya daidaita a kan dandamalin. Babu waya ko ƙugiyar da za ta tsayar da shi. Abokan aikinsa ne suka ruga a guje suka cafke madaukan da aka ɗaura a jikin jirgin saman, suka janyo shi ƙasa da hannu.

Ranar 7 ga watan ya sake sauka lafiya. Da ya ƙara gwadawa a wannan rana, inji ya shaƙe, jirgin ya zame ta gefe ya faɗa teku. Ya suma a mazauninsa, ruwa ya ci shi. Shekarunsa 25.

Wani zai ce ganganci ne, tunda ya riga ya nuna abin yana yiwuwa. Ban yarda ba. Sauka sau ɗaya ana iya cewa sa'a ce, kuma Dunning yana neman hanyar da kowane matuƙi a ƙarƙashinsa zai iya bi kullum, shi ya sa ya sa kansa a gaba maimakon ya tura yaransa. In akwai wanda zan ɗora wa laifi, manyan da suka yarda a riƙa kama jirgin sama da hannu ne. Sai da aka rasa rai sannan aka hana, aka mayar da Furious ma'aikata aka yi masa dandamalin sauka a baya. Shi ma bai biya ba, domin bututun da ke tsakiya yana hargitsa iska.

A Yulin 1918 jiragen Sopwith Camel bakwai suka tashi daga Furious suka ƙone Zeppelin biyu a sansanin Jamusawa na Tondern. Ko ɗaya bai dawo kan dandamalin ba: wasu sun sauka a Danmak, wasu a ruwa. Sai a Satumban wannan shekara aka fara aiki da jirgin ruwa HMS Argus, mai shimfiɗaɗɗen dandamali daga gaba har baya ba tare da komai ya tokare hanya ba, wata 13 bayan an binne Dunning a ƙauyen Bradfield na yankin Essex.