Karnukan da Aka Tsinto Su Ne Suka Gyara Mini Ido

Jama'a da dama suna tambayata dalilin da ya sa mai zane kamata, wanda zai iya zana dawakin hawan sallah ya samu kasuwa, yake ƙarar da fentinsa a kan karnukan da aka tsinto a bola. Kwikwiyon da aka ciro daga kwata a Tudun Wada ko Rigasa, jikinsa duk ƙazuwa da kaska, ba ya yarda a matso kusa da shi, domin bai san hannun ɗan Adam ba sai wajen jifa. Dole ka ajiye masa abinci, ka ja da baya, ka zauna shiru. A irin wannan zaman na koyi lura da yadda haƙarƙari ke motsi a ƙarƙashin fata, da yadda kunnuwa ke kwantawa idan tsoro ya zo, da ranar da wutsiya za ta fara ɗagawa bayan ta daɗe a matse. Yanzu ko dattijo mai sayar da goro a Kasuwar Barci zan zana, sai na dube shi da wannan haƙurin kafin in ɗauki gawayi.

Masu cewa ban kyauta ba, ina girmama su, kuma karnukana a waje suke kwana, suna gadi. Sai dai Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta ma, kare mai rai ba najasa ba ne. To, daga ina muka samo barin yara su yi ta jifar dabba har ta karye, manya na kallo?

Tsoron cutar haukan kare gaskiya ne, domin da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira. Hanyar kariya ita ce a yi wa karnuka allurar rigakafi, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato take sarrafawa. Duk karen da na ɗauko, likitan dabbobi ne ke fara ganinsa, kuma daga kuɗin zanen da na sayar nake biyan allura da magani. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar.