Sama Jos, ƙasa Nguru

Motar nan tawa 'yar Kwatano da kuka sha yi mini ba'a a kanta, asalinta daga Kanada ta fito, takardar jikin ƙofarta ma rabi da Faransanci aka rubuta. Ranar da na ɗauko ta, ƙarshen watan Maris, na zauna a ƙofar gida na danna duk abin da ke dannuwa, kamar yadda kowa ke yi ba ya faɗa. Akwai wani ɗan maɓalli kusa da giya, giyar mota nake nufi, mai hoton kujera da wasu layuka uku a karkace suna tashi sama kamar hayaƙi. Na ce lallai Turawa sun yi nisa, har wurin turaren wuta sun yi wa mota. Na danna, ban ji ƙamshi ba, ba fitilar da ta kama, na wuce na gaba.

Daga ranar, in na yi minti goma ina tuƙi sai mazaunaina su ɗau zafi. Afrilu ne a Kano, rana na haura digiri 40, wa zai zargi kujera? Kaina na zarga. Maman yara ta ce basir ne, ta janye mini yaji daga miya. Na bar tsire, na bar kilishi. Wani mai magani ya tambaye ni, "In ka miƙe tsaye yana lafawa?" Na ce wallahi kuwa. Ya ce to shi ne, irin mai kwanton ɓauna, ya sayar mini da jiƙo gora biyu naira 9,000, ɗaci kamar maɗaci.

Sai ga ɗaurin auren nan na Katsina. Baba, mahaifin Maman yara, ya aiko cewa ni zan kai shi, yana so ya sa wa sabuwar mota albarka. Kun san tsakanina da Baba. Shekara tara ina auren 'yarsa ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Na sa farar shaddata da ta sha bugu. Baba a gaba, a baya abokansa biyu, har da tsohon nan da kunnensa ya yi nauyi, sai ƙanin matata, wanda ba wanda ya gayyace shi.

A Dawanau ɗumi ne kawai. Kafin Bichi na fara canjin aiki, wannan ɓangare ya huta, wancan ya karɓa. Na ƙure esi, iska na dukan fuskata har hancina na yoyo, sama Jos, ƙasa Nguru. Muna wuce Tsanyawa na ga ba zama, na ɗaga kaina kaɗan daga kujera na rungume sitiyari, kamar mahayin da dokinsa ya ƙwace a hawan daushe. Baba na jan carbi, yana kallona ta wutsiyar ido. Ya ja ya kai talatin da uku kafin ya ce, "Malam, lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba." To me zan ce? In ce wa surukina ƙasana ke toyuwa?

A Gidan Mutum Ɗaya ya ce mu tsaya a yi alwala. Ban taɓa taka burki da farin ciki irin na ranar ba. Na fito, na miƙe, iska ta buga ni, na ji wani sanyi a baya wanda ya kamata ya ankarar da ni. Na yi taku uku zuwa wurin butoci, sai muryar yaron nan, ƙanin matata, ta tashi, muryar da ko a gidan kallon ƙwallo ake roƙonsa ya rage:

"Yaya! A kan fiya wata ka zauna ne?"

Mai rake ya bar fere rake. 'Yan matan da ke tallar gyaɗa suka juyo da farantansu a ka. Na kai hannu baya. Shaddar ta jiƙe sharkaf tun daga ƙugu har bayan gwiwa, ta manne a jiki, kuma ba irin jiƙewar da mutum zai ce zufa ce a yarda ba. Na juya don in ɓoye wa mai rake, sai na ba wa Baba baya. Na sake juyawa, na ba wa wata bas cike da mata. Haka na yi ta wulwulawa a tsakiyar tasha kamar fanka.

Tsohon nan ya ce, "Me aka ce ya same shi?"

Yaron ya matsa bakin kunnensa, ya buɗe murya gaba ɗaya: "Basir ne, Alhaji! Anti ce ta gaya mana!"

"Wane?"

"BASIR!"

Wani direban tirela da ke tsallaken titi ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Alhaji." Tsohon kuwa ya kama hannuna ya shiga ba ni magani da ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa: a tafasa bagaruwa, a juye a baho, in zauna a ciki da zafinsa safe da yamma. Da zafinsa! Ni da nake mafarkin ƙanƙara. Baba ya kawar da kai yana karanta rubutun jikin wata mota kamar zai yi jarrabawa a kai. Can ya buɗe jakarsa, ya ciro babbar rigar da ya tanadar wa walima, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Baba ya fi ni tsawo da kusan taƙi guda. Duk hoton bikin da kuka gani ina tattare da riga kamar mai tsallaka rafi, dalilin ke nan.

Yaron nan fa ni na biya masa kuɗin JAMB sau biyu. Cajata ta mota, mai baki biyu, tun bara ya ara. Ranar sunan autana shi ya zauna kusa da kular nama ya hana kowa sakat. Ban taɓa cewa uffan ba, saboda yayarsa. Ita ma dai, maganar da aka yi a ɗaki, ina dalilin kai ta gidansu?

Da za mu dawo na ce na gaji, na miƙa masa makulli, na koma baya tsakanin tsofaffi. Ina zaune lafiya lau, ko ɗigon zafi babu, har na fara yaba jiƙon mai magani. Ba mu kai Charanchi ba na ga mutumin ya gyara zama. Ya sake gyarawa. A Kankiya ya ɗaga ɓangare ɗaya. A nan kaina ya waye. Allah ya gani, da na yi magana a lokacin da an tsaya. Na bar shi har Bichi. Yanzu yana yawo yana cewa shi tun farko ya san hita ce, ya ɗauka ni nake so.

Litinin na kai motar wurin makanikena. Bai ko leƙa ciki ba ya ce indomin salansa ne ya toshe yake turo zafi sama, a cire shi kyauta. Wannan abu mai kama da saƙar zuma akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa kullum cire shi kyauta ne. Na ce zan dawo.

A wajen Ƙofar Ruwa na sami wani rewaya, ogan ba ya nan, sai yaronsa da bai fi shekara 14 ba. Ya ɗora tafin hannu a kujera, ya dube ni, ya dubi maɓallin turarena.

"Oga, wa ya kunna hita?"

Ya yi mini karatu tiryan-tiryan. Ƙarƙashin fatar kujerar akwai wani ƙyalle da aka zagaye da siririyar waya, tana jan wuta daga batir mai bolt 12 tana zafi kamar hitar dafa ruwa. Akwai abin da ke yanke wutar in zafin ya kai, amma da mutumin da ya fito daga cikin dusar ƙanƙara aka auna shi, ba mai shadda a Tsanyawa ba. Ƙwan cikin maɓallin ya mutu, shi ya sa bai nuna komai ba. Ya danna don ya kashe, ya ƙi dawowa. Da ya ɓalle shi da sukuddireba sai ga wani baƙin danƙo a ciki, da alama kofin wani Bature ne ya zube tun can, tunda wurin ajiye kofi na gefensa.

Na ce a cire wayar kowa ya huta, na zura hannu ƙarƙashin kujera na kamo wani soket ruwan ɗorawa. Yaron ya buge mini hannu. Buge fa, a gaban masu shayi.

"Oga, ba a taɓa mai ruwan ɗorawa, na jakar iskar nan ce da ke fashewa in an yi hatsari."

Ya buɗe akwatin fiyus, ya zare ɗaya, rediyo ya mutu. Ya mayar, ya duba zanen jikin murfin, ya zare wani shuɗi mai lamba 15, ya ba ni a hannu. Muka jira minti goma, kujera sanyi ƙalau. Naira 2,000.

Baba har yau bai sani ba, don ban ga ta inda zan fara ba. Duk ƙarshen wata sai ya aiko da ƙullin bagaruwa ta hannun Maman yara, wai a ba Malam. Da hunturu ya shigo, wata asuba na tuna da fiyus ɗin nan, na zazzage aljihun mota kaf ban gan shi ba. Ina zargin wanda ya ɗauka. Cajar ma bai dawo da ita ba.